Python: Gidan Da Aka Gina Da Tubalin Aro

Da wuya mutum ya fara koyon rubuta manhajar kwamfuta a yau bai ci karo da Python ba. In ka tambayi ɗalibi wa ya ƙirƙiro wannan harshe, nan take zai ce Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan. Bai yi ƙarya ba, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A shekarun 1980, Guido yana aiki a cibiyar bincike ta CWI da ke birnin Amsterdam, cikin ayarin da ke gina wani harshe mai suna ABC, wanda Lambert Meertens da Leo Geurts da Steven Pemberton suka tsara. Burinsu shi ne wanda ba gwani ba ma ya iya ba kwamfuta umarni ba tare da ya sha wuya ba. Harshen ya yi kyau, sai dai bai karɓu ba. Babban aibinsa, ƙofarsa a garƙame take: abin da masu shi suka zuba, shi ke nan, na waje ba shi da damar ƙara komai.

Wannan faɗuwa ce ta zame wa Guido makaranta. A hutun Kirsimetin 1989, lokacin yana aikin wani tsarin kwamfuta mai suna Amoeba, ya zauna rubuta sabon harshe. Daga ABC ya ɗauko dabarar nan ta matsar da layi ciki don nuna umarnin da ke ƙarƙashin wani, wadda har gobe ita ce ke fara ɗaure wa sabon shiga kai. Hanyar tarbar kuskure idan manhaja ta yi tuntuɓe kuwa, harshen Modula-3 ya leƙa. Sannan ya bar ƙofa a buɗe, yadda kowa zai iya rubuta ƙari da harshen C ya jona. A ganina wannan shawara ta fi duk sauran muhimmanci.

Sunan ma na aro ne. Ba mesa yake nufi ba, duk da macizan da ke tambarin. Daga shirin barkwancin BBC ne, Monty Python's Flying Circus.

Da Guido ya saki Python ga jama'a a Fabrairun 1991, sai hannaye suka yawaita. Wani ma'abocin harshen Lisp ya turo gudummawar da ta shiga fitowar 1994. A 2000 aka aro daga harshen Haskell gajeriyar hanyar gina jeri, aka kuma kafa tsarin da duk mai shawara zai rubuto ta a fili, a tafka muhawara kafin a karɓa ko a yi watsi da ita.

Guido ya riƙe wuƙa da nama kusan shekara talatin. A Yulin 2018, bayan wata zazzafar taƙaddama kan ƙarin wata alama guda, ya sauka da kansa. Tun daga 2019, majalisar mutum biyar da masu gina harshen ke zaɓa ce ke yanke hukunci.