Tsoffin Motocin Amurka Masu Ƙwanji: A Bar Injin Asali Ko A Dasa Sabo?

Duk matashin da ya kalli fim ɗin Fast and Furious na 2001 zai tuna baƙar Dodge Charger ɗin nan ƙirar 1970 da Vin Diesel ya tuƙa. Irinta ce Amurkawa ke kira muscle car, wato mota mai ƙwanji: matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu da aka cusa wa ƙaton inji V8 mai silinda takwas.

Yayinsu ya soma da Pontiac GTO a 1964, ya kai ƙololuwa a 1970 da Chevrolet Chevelle SS 454 mai inji lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Daga nan dokar tsabtace iska ta 1970, tsadar inshora da ƙarancin mai na 1973 suka taru suka karya kasuwar. Yau motocin sun haura shekara 50, kuma wanda ya samu ɗaya a Amurka tambaya guda ce ke fara tare shi: ya gyara injin da ta zo da shi, ko ya dasa na zamani?

Kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya, lambobi ake dubawa. Tun ƙarshen shekarun 1960 kamfanoni ke buga wani sashe na lambar mota a jikin inji da akwatin giya. Idan lambobin sun yi daidai, motar ta zama kadara. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi, da injinta da giyarta na asali, kan dala miliyan 3.5 a birnin Seattle, sama da CFA biliyan ɗaya da rabi ke nan a canjin lokacin. Cire injin irin wannan mota zubar da dukiya ne. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai akasarin waɗanda ake samu injinsu na farko ya daɗe da mutuwa. Nan ne dashe ke da amfani. Wanda aka fi dasawa shi ne dangin LS na kamfanin General Motors, da ya fara fitowa a Corvette ta 1997. Ba shi da girman jiki, kayan gyaransa a wadace suke, kuma ana tsintar mai lita 5.3 da araha a wuraren sayar da kayan matattun motoci. Mai kuɗi kuwa yakan sayi LS3 sabo dal, lita 6.2, doki 430. Masu Mustang sun fi son Coyote na Ford mai lita 5.0, amma faɗinsa ya yi yawa: a Mustang ta 1965 sai an yanke ƙarfen gefen ɗakin inji kafin ya zauna. Abin da aka yanke kuwa maido shi aiki ne ja.

Inda da yawa ke tafka kuskure shi ne akwatin giya. Tsoffin akwatuna irin su Muncie mai giya huɗu ko TH400 mai canza kansa da giya uku, giyarsu ta ƙarshe juyi ɗaya ce da inji. A motar da haƙoran aksul ɗinta na baya suke 3.73, gudun kilomita 110 a awa na sa inji juyawa kusan sau 3,300 a minti, ga ƙara, ga zafi, ga shan mai. Idan aka saka Tremec TKX mai giya biyar, juyin na sauka zuwa wajen 2,200 a wannan gudun. Ga mai doguwar tafiya, wannan sauyin ya fi ƙarin doki ɗari amfani. T56 Magnum mai giya shida ya fi jure ƙarfi, amma sau da yawa sai an faɗaɗa ƙasan motar. Mai son giya mai canza kanta yana da 4L60E, ko 4L80E idan injin mai ƙarfi ne sosai.

Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Injin doki 430 na buƙatar babban lagireto, famfon mai mai matsi a madadin na kafireta, kwamfuta da wayoyinta, da aksul ɗin da ba zai karye ba, shi ya sa ake rububin na Ford mai inci 9. Uwa uba birki: da yawa daga cikin motocin shekarun 1960 birkin ganga suka zo da shi a tayoyi huɗu, wanda ke sanyi idan ya ɗau zafi. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa kan inji ya bar wannan birki, ransa ya sa a caca.

Saboda haka lissafin daga amfani yake farawa. Motar gwanjo a bar ta yadda kamfani ya ƙera ta. Motar hawa a fara mata da birki da giya, inji ya biyo baya. Wanda kuma ya cire injin asali, ya adana shi a gareji: ranar sayarwa shi mai saye zai fara tambaya.