Mutum-mutumin Birnin Tokiyo: A Tambayi Labari Kafin A Ɗauki Hoto

Duk baƙon da ya sauka a birnin Tokiyo na ƙasar Japan da kyamara a hannunsa, da wuya ya bar garin bai je ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Shibuya ba. A nan ne mutane daga ƙasashe dabam-dabam suke shiga layi domin su ɗauki hoto da mutum-mutumin wani kare na tagulla, wanda yake zaune yana duban hanya. Da yawa cikinsu sukan ɗauka su wuce ba tare da sun san abin da ya sa aka ajiye kare a wurin ba. Mu kuwa muna ganin cewa labarin ya fi hoton daraja.

Sunan karen Hachiko. Maigidansa, Farfesa Hidesaburo Ueno, malamin aikin gona ne a jami'ar Tokiyo, kuma kullum da yamma karen yakan je tashar ya tarye shi. A watan Mayu na 1925 farfesan ya rasu a wurin aiki, bai sake saukowa daga jirgi ba. Amma karen ya ci gaba da zuwa tashar yana jira har kusan shekara 10, sai da shi ma ya mutu a watan Maris na 1935. An kafa mutum-mutumin farko a 1934, karen yana raye. A 1944 aka narke shi domin bukatun yaƙi, sannan a 1948 ɗan wanda ya ƙera na farkon ya ƙera wanda ake gani yau.

Wanda yake son hoton Hachiko ba tare da cunkoso ba, sai ya yi sammako. In kuwa yana son ƙarshen labarin, to ya nufi sashen koyon aikin gona na jami'ar Tokiyo, inda a 2015 aka kafa wani mutum-mutumi mai nuna karen yana tsalle yana tarbar maigidansa. Nan babu dogon layi.

Daga nan sai unguwar Shinjuku, inda kan wani ƙaton dodo yake leƙo titi daga saman ginin sinima. Wannan shi ne Godzilla na fim, an kuwa ɗora kan nasa a 2015. Hotonsa yakan fi kyau idan an tsaya can nesa a bakin titi, yadda zai fito kamar yana shirin takowa cikin jama'a. Yara suna dariya idan sun gan shi, amma asalinsa ba abin dariya ba ne. Fim na farko ya fito a 1954, shekara 9 bayan bam ɗin nukiliya ya hallaka Hiroshima da Nagasaki, kuma a shekarar ne turɓayar gwajin bam na Amurka a tekun Pasifik ta zubo wa wasu masunta 'yan Japan. Watau dodon nan tsoron nukiliya ne aka ba shi jiki.

A bakin teku kuma, a Odaiba, akwai ƙaramin kwafin mutum-mutumin 'yanci irin na birnin New York. An fara aro ɗaya daga Faransa a 1998, da aka mayar da shi jama'a suka yi kewarsa, sai aka kafa wani a 2000. Mai hoto mai dabara yakan haɗa shi da gadar da take bayansa, ya bar mutanen gida suna gardamar ko wace ƙasa ce.

Sai dai ba kowane wuri ne na wasa ba. A gindin hasumiyar Tokiyo, mai tsawon mita 333, wadda aka gama a 1958, akwai haikalin addinin Buda da ake kira Zojoji. A gefensa an jera ƙananan siffofi na dutse masu fuskar jarirai, ana kiransu Jizo. An sa musu jajayen huluna, an ɗaura musu ƙyalle a wuya, kusa da kowanne kuma akwai 'yar fanka ta wasan yara wadda iska take juyawa. Baƙo yana gani zai ce abin ado ne, ya tsuguna a tsakaninsu yana murmushi a ɗauke shi.

Alhali kuwa iyaye ne suka ajiye su. Wasu saboda fatan 'ya'yansu su girma lafiya, wasu kuma domin tunawa da cikin da ya ɓare ko jaririn da bai zo da rai ba. Matar da take gyara hular wani daga cikinsu, mai yiwuwa ne ita ta saƙa ta da hannunta. Mu Kirista ba ma rusuna wa dutse, bangaskiyarmu dabam ce, amma wane ne a cikinmu bai taɓa zaman makoki a gidan da aka rasa yaro ba? Babu wanda zai so baƙo ya shigo masa da kyamara a irin wannan rana.

Saboda haka, 'yan'uwa masu karatu, ɗalibi ne ko ma'aikaci ko ɗan kasuwa da tafiya ta kai shi can, ga shawararmu. A duba alluna, domin haikali da yawa sun hana ɗaukar hoto a ciki. Kada a ɗauki fuskar mutum sai da izininsa, balle wanda yake cikin addu'a ko kuka. Kafin a danna kyamara kuma, a tambayi mutanen gari ko mene ne wannan, wa ya kafa shi, kuma don me. Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata. Wanda ya tambaya zai san inda ya dace ya yi dariya a gaban dodo, da inda ya kamata ya mayar da kyamara cikin jaka, ya wuce a hankali.