Sigarin Lantarki Mai Wat 200 a Farashi Mai Rahusa: Ƙirarsa da Iyakar Ƙarfinsa

Sigarin lantarki iri-iri ne. Akwai ƙanana masu siffar biro da ake zuƙa har su ƙare a jefar, akwai kuma manya masu kama da ɗan akwati da ke cika tafin hannu, waɗanda masu harkar ke kira mod. Mod shi ne gangar jikin na'urar. A cikinsa batir yake, da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa wuta, da maɓallin kunnawa, da ɗan gilashin da ke nuna lambobi. A samansa ake ɗaura tanki mai ɗauke da ruwan da ake zuƙa. Idan aka danna maɓalli, wuta kan bi ta wata murɗaɗɗiyar waya da ake kira kwayil, wayar ta ɗau zafi, sai ruwan da audugar jikinta ta tsotso ya koma tururi. Ƙananan na'urori kan yi aiki da wat 10 zuwa 15. Manyan kuwa ana rubuta musu wat 200, wasu har 220 ko 250, kuma da wannan lamba ake tallarsu.

Wani masanin harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a 2003. Na farkon ba su da ƙarfi, batirinsu ba ya jimawa, saboda haka wasu masu sha'awa a Turai da Amurka suka riƙa kwance tocila suna mayar da ita gidan batir mai girma. Daga nan kamfanoni suka shigo. Kamfanin Evolv na Amurka ya yi suna da ƙwaƙwalwarsa mai suna DNA, mai inganci amma mai tsada. Masana'antun birnin Shenzhen na ƙasar Sin, inda ake ƙera mafi yawan kayan wannan harka na duniya, su ne suka karya farashin. A ƙarshen 2015 kamfanin Wismec ya fitar da Reuleaux RX200 mai cin batir 3 da ƙarfin wat 200. Gangar jikinsa iri ɗaya ce da ta yayansa mai ƙwaƙwalwar DNA200, sai dai an sa masa ƙwaƙwalwa ƙirar Sin, kuɗinsa ya sauko ƙasa da rabi. Bayansa aka samu Smok Alien mai wat 220 a 2016, da Voopoo Drag mai wat 157 a 2017, da Geekvape Aegis Legend mai wat 200 a 2018. Cikin 'yan shekaru, ƙarfin da a da sai mai hali ya zama abin da kowa ke iya saya.

Duk wanda zai fahimci na'urar sai ya san ma'auni huɗu. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, amfiya yawan wutar da ke gudana, om kuma turjiyar da waya ke yi wa wutar. Wat shi ne abin da ke fitowa idan aka ninka bolt da amfiya. Gwargwadon ƙarancin turjiyar kwayil, gwargwadon yawan wutar da yake ja. Kwayil na manyan na'urori bai kai om 1 ba, galibi yana tsakanin 0.15 da 0.4. Mai om 0.15 idan aka ba shi wat 80 yana buƙatar kusan bolt 3.5, kuma amfiya 23 za su ratsa shi.

Aikin ƙwaƙwalwa shi ne wannan lissafi. Takan auna turjiyar kwayil, ta duba wat ɗin da aka zaɓa, sannan ta rage ko ta ƙara bolt ɗin batir har ya dace. Batir 2 da aka jera ɗaya bayan ɗaya suna ba da bolt 8.4 idan sun cika, 3 kuma 12.6. Dabarar RX200 ke nan: da batir 3 ƙwaƙwalwar ba ta da aiki sai ragewa, ragewa kuwa ta fi ƙarawa sauƙin ƙira da arahar kayan haɗi. Ƙwaƙwalwa ce kuma mai gadi. Tana yanke wuta idan an danne maɓalli ya kai kimanin daƙiƙa 10, ko wayoyi sun haɗu, ko an sa batir a juye, ko na'urar ta yi zafi, ko cajin ya yi ƙasa sosai. Danna maɓalli sau 5 a jere kan kulle ta don kada ta kama a aljihu. Waɗannan matakan kariya a yau ana samunsu har a na'urori masu rahusa, kuma su ne suka bambanta su da wani nau'in da ba shi da ƙwaƙwalwa sam, wanda batir ke haɗuwa da kwayil kai tsaye. Irin wannan mara ƙwaƙwalwa ne ya fashe ya kashe wani mutum a jihar Florida ta Amurka a 2018, ya kuma kashe wani a Texas a 2019.

Amma ƙwaƙwalwa ba ta ƙirƙirar wuta. Abin da batir ya iya bayarwa shi take rabawa, kuma a nan ne lambar da ke jikin kwali ke rabuwa da gaskiya. Yawancin waɗannan na'urori suna cin batir ɗin da ake kira 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65, irin wanda ke cikin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da tocila mai caji. Idan ya cika yana da bolt 4.2, na'urar kuma kan daina aiki idan ya sauko wajen 3.2. Kowane batir yana da iyakar amfiyar da zai iya fitarwa ba tare da ya yi zafin da ya wuce kima ba. Samsung 25R yana ɗaukar amfiya 20, Samsung 30Q 15, Sony VTC5A 25. Haka kimiyyar batir take: wanda ya fi riƙe caji ya fi ƙarancin amfiya, wanda ya fi amfiya ya fi saurin ƙarewa.

Lissafin ba shi da wuya. Na'ura mai batir 2 da aka sa a wat 200, kowane batir zai ɗauki wat 100. Idan cajinsa ya sauko bolt 3.2, sai ya fitar da amfiya 31, kuma da yake kusan kashi 10 cikin 100 na wutar na salwanta a ƙwaƙwalwa ta zama zafi, abin da ake nema a wurinsa ya kusa amfiya 35. Batir mai iyakar amfiya 20 ke nan aka ɗora wa kusan ninki biyu na kayansa. Idan aka juya lissafin, batir mai amfiya 20 bai kamata a nemi fiye da wat 60 a wurinsa ba, wato 120 ga masu batir 2, 180 ga masu 3. Lambar 200 ɗin tamkar agogon gudun mota ce da aka rubuta wa kilomita 220: allurar tana iya kaiwa can, amma tayoyi ne za su faɗi ko za a kai lafiya. Wasu na'urorin suna kaiwa wat ɗin da aka rubuta na ɗan lokaci idan batir sabo ne kuma a cike, da kwayil mai turjiyar da ta dace. Da zarar caji ya fara sauka, ƙwaƙwalwa sai ta rage wutar, a wasu ma ba tare da lambar da ke gilashi ta canza ba.

Jimawar caji ma haka take. Batir 2 masu mAh 3,000 kowanne (mAh ma'aunin cajin da batir ke ɗauka ne) suna riƙe da wutar da a takarda za ta ɗauki minti 16 ana danne da maɓalli a wat 80, amma minti 6 da rabi kacal a wat 200. Shi ya sa yawancin kwayil da ake sayarwa a shirye an ƙera su ne don wat 40 zuwa 100, kuma a nan masu amfani da su ke tsayawa. Sauran ƙarfin na talla ne.

Babban haɗarin yana wajen batir na jabu. Batir 18650 na gaske daga manyan kamfanoni yawanci bai wuce mAh 3,500 ba, saboda haka duk wanda aka rubuta wa 6,000 ko 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Akwai kuma waɗanda ake cirowa daga matattun kwamfutoci a sake musu riga a sayar a matsayin sababbi. Irinsu na iya kunna tocila, amma ba a yi su don amfiya 20 ba. Siririyar ledar da ke naɗe da batir ba ado ba ce, domin duk gangar jikinsa ɓangare ɗaya ne na wuta, kuma idan ledar ta yage ƙarfe ya taɓa, wuta na iya haɗuwa tun kafin ta isa ƙwaƙwalwa. Haka batir da aka jefa aljihu tsirara tare da makulli ko tsabar kuɗi. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙirga fashewa da gobarar sigarin lantarki 195 tsakanin 2009 da 2016, da yawansu a aljihu suka auku. Zafin gari ma yana da tasiri. Masu ƙera irin wannan batir galibi suna gargaɗin kada a yi masa caji a zafin da ya haura digiri 45, a ƙasar Hausa kuwa bazara kan haura 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. Kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a sa na'urar a jakar da ke shiga ƙarƙashin jirgi, sai a ta hannu. Manyan masu ƙera batir irin su Samsung da LG sun sha bayyana cewa ba su yi batiransu don a riƙa sa su tsirara a sigarin lantarki ba.

Wajen gangar jiki ne aka fi ganin inda aka tsuke kuɗi. Na'urori masu tsada ana sassaƙa su daga alminiyam ko baƙin ƙarfe mara tsatsa. Masu rahusa ana zuba narkakken gamin zinki ne a mazubi, ko a yi su da roba mai tauri, a shafa fenti. Zinki yana da nauyi, fentinsa kan ɓare, kuma yakan tsage idan ya faɗi da ƙarfi. Murfin batir mai maganaɗisu kan saki da tsufa, maɓalli ya fara ƙara. Wurin da ya fi saurin lalacewa shi ne bakin da ake ɗaura tanki, wanda ake kira 510. Kusan duk kamfanoni sun yi tarayya a kansa, shi ya sa tankin wannan ke hawa na'urar wancan. A tsakiyarsa akwai ɗan ƙarfe mai sifirin. Idan ba a kafa bakin da kyau ba, ko ba a toshe kewayensa ba, ruwan da ya zubo daga tanki kan gangara har kan ƙwaƙwalwa ya kashe ta. Geekvape ya gina sunansa a kan magance wannan: jerin Aegis yana da shaidar IP67, wato ƙura ba ta shiga, kuma yana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ramin caji na USB ma wuri ne na rauni. Batir 2 da ke jere suna buƙatar a cika su daidai wa daida, kuma ba kowace ƙwaƙwalwa mai araha ke iya hakan ba, don haka masana ke cewa a ciro su a sa a cajar waje, a kuma sayi biyun tare su tsufa tare. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a nan ɓarewar fenti ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da dalmar da ba ta kama waya da kyau ba.

Akwai kuma tsarin kayyade zafi, wanda Evolv ya shigo da shi a 2014. Wasu ƙarafa, irin su nikel da taitaniyam da ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316L, turjiyarsu na ƙaruwa yayin da suke ɗaukar zafi. Ƙwaƙwalwa na bin wannan canji ta ƙiyasta zafin kwayil, ta rage wuta idan ya kai inda aka tsayar, tsakanin digiri 100 da 315. Canjin ƙanƙane ne ƙwarai, musamman a ƙarfe mara tsatsa, don haka ɗan kuskuren awo ko sassaucin bakin 510 kan rikita lissafin. Nan ne ƙwaƙwalwa mai tsada ta fi mai araha nesa ba kusa ba. Wayar Kanthal, wadda aka fi amfani da ita, turjiyarta kusan ba ta motsi, tsarin ba ya aiki da ita.

Ƙarfin wuta yana da sakamako a jikin mai zuƙa. Ruwan ya ƙunshi sinadarin furofilin gilaikol, da gilisarin, da kayan ƙamshi, galibi kuma da nikotin. Babbar na'ura tana tafasa ruwa mai yawa a zuƙa ɗaya, tururin kuma kai tsaye yake shiga huhu kamar na shisha. Saboda haka ruwan da aka yi mata galibi ba ya wuce miligiram 3 zuwa 6 na nikotin a kowace mililita. Zuba mata ruwan ƙananan na'urori mai miligiram 20 ko 50 na iya jawo jiri, amai da bugun zuciya. Idan wuta ta fi ƙarfin ruwan da auduga ke kawowa, audugar kan ƙone, sinadaran su tarwatse su haifar da guba irin su fomaldihaid da akrolin. Masu bincike a Jami'ar Portland State sun nuna samuwar fomaldihaid a babban bolt a 2015, na Jami'ar Johns Hopkins kuma suka gano dalma da nikel da kuromiyam a tururin a 2018. Hukumar lafiya ta Ingila ta ce a 2015 sigarin lantarki ya fi taba ƙarancin illa da kusan kashi 95 cikin 100, alƙalumman da masana da yawa suka yi jayayya da su. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana kan bakanta cewa yana da illa, musamman ga yara da matasa da masu juna biyu, kuma nikotin na kama mutum ko ta wace hanya ya shiga jiki.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Tarayyar Turai tun 2016 ta kayyade nikotin a miligiram 20 a mililita, tanki kuma a mililita 2, girman da babbar na'ura ke shanyewa cikin ɗan lokaci. Indiya ta haramta sigarin lantarki gaba ɗaya a 2019. Ita kanta Sin ta hana sayar da masu ƙamshin 'ya'yan itace a cikin gida tun 2022, alhali masana'antunta na ci gaba da fitar da su waje. Kasuwa ma ta juya zuwa ƙananan na'urori, manyan suka koma hannun tsirarun masu sha'awa.

Ta fuskar ƙira, na'ura mai rahusa daga kamfanin da aka sani tana yin aikinta yadda ya kamata a wat 40 zuwa 100, muddin batirinta na gaske ne kuma rigarsa ba ta yage ba. Wat 200 ɗin da ke jikin kwali ba dalilin saye ba ne, kuma batir 2 ba sa ɗaukarsa cikin aminci. Wanda bai taɓa shan taba ba kuwa, babu abin da na'urar za ta ƙara masa sai kamun nikotin.