Tsakanin Kek Da Alkaki

A watan jiya na halarci bikin ’yar ƙanwata a Zariya, aka shigo da kek mai hawa huɗu wanda ya sha adon furannin sukari. Wadda ta haɗa shi ta ce kwana uku ta yi tana murza furannin ɗaya bayan ɗaya. Ba na musu, wannan fasaha ce.

Sai dai a gefe ga fantekar alkaki da dubulan na gara, babu mai ko kallonsu.

Masu kukan cewa kek baƙo ne su tuna, kalmar alkaki ma daga Larabci muka aro ta, har ta zama ’yar gida. Farin kek ɗin aure kuwa a Ingila ya yi tashe, bayan auren Sarauniya Biktoriya a 1840. Ashe aro ba aibi ba ne.

Aibin shi ne mu biya mai kek ba tayi, sannan mu tsaya ciniki da tsohuwa mai naɗin dubulan, wadda ba ta da magajiya. Ranar da ta ajiye sana’ar, jikokinmu sai dai su tarar da dubulan a ƙamus.