Babi na Bakwai: Mai Cutar MS, Motsa Jiki da Matsalar Zafi

Shekara da shekaru shawarar da likitoci ke bai wa mai cutar MS guda ce: ka kwanta ka huta, kada ka wahalar da jikinka. Har yau akwai masu maimaita ta, kuma ta zaunar da mutane da yawa waɗanda cutar kanta ba ta kai ga zaunar da su ba. Tushen wannan kuskure abu ɗaya ne, wato zafi, kuma wanda ya fahimce shi ya fahimci rabin abin da ke cikin wannan babi.

Cutar dai garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa rufin da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Kamar wayar lantarki ce da robarta ta zazzage: saƙo yana wucewa, amma da kyar, wani lokaci ma ya tsaya. Daga nan ne ake samun dishi-dishin ido, mutuwar ƙafa, tangaɗi, da gajiyar da barci ba ya magance ta. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza wajen sau biyu, kuma galibi tana bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ta fi yawa a ƙasashe masu sanyi irin su Kanada da arewacin Turai. A wajenmu ba ta da yawa, amma akwai ta, sai dai ƙarancin na'urar MRI da likitocin ƙwaƙwalwa yana ɓoye wasu. Budurwa ta tashi ido ɗaya ba ya gani, bayan mako uku ya washe, baɗi ƙafa ta ƙi ɗaukarta, sai gida ya yanke hukunci cewa sammu ne ko shafar aljanu. Haba jama'a! Ciwon da ke zuwa ya tafi ya dawo ta wata gaɓar, asibiti ake fara kai shi.

Mu koma kan zafi. A 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa wasu marasa lafiyarsa ganinsu yakan dushe idan sun motsa jiki, in sun huta ya dawo. Abin da ya gani gaskiya ne, amma laifin sai aka ɗora wa motsin. Sai daga baya aka gano cewa ɗumin da motsi ke haifarwa shi ne sanadi. Jijiyar da rufinta ya lalace, ƙarin rabin digiri a ma'aunin Salshiyas kan isa ya tsayar da saƙonta. Likitoci sun yarda da wannan har suka mai da shi gwaji: kafin zuwan MRI, akan tsoma wanda ake zargi da cutar a bahon ruwan zafi a ga ko alamominsa za su tsananta. To a nan ne ya kamata mai karatu ya buɗe kunne. Wannan tsanantar ta ɗan lokaci ce. Ba sabon rauni aka yi wa jijiyar ba. Da jiki ya huce, cikin mintuna ko 'yan awoyi, komai yakan koma yadda yake. Zazzaɓi, wanka da ruwan zafi, tsayuwa a gaban murhu, duk suna iya haddasa haka, amma ba wanda ya ce a daina girki har abada.

Mutumin da ya fi kowa ƙaryata tsohuwar shawarar da jikinsa shi ne Jimmie Heuga, Ba'amurke ɗan wasan zamiya a kan ƙanƙara. A gasar Olamfik ta 1964 a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya ya ci lambar tagulla. A 1970, yana da shekara 26, aka tabbatar masa da MS, aka ce ya guji duk abin da zai gajiyar da shi. Ya bi maganar na wasu shekaru. Jiki ya yi laushi, rai ya ɓaci, mutumin da ya saba gangarowa daga kan tsauni ya koma zaman jiran abin da zai faru. Da abin ya ishe shi, sai ya hau keke. Ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ya haɗa da iyo da miƙe gaɓoɓi, har ya koma kan ƙanƙararsa. A 1984 ya kafa cibiya a jihar Kolorado don koya wa masu cutar abin da ya koya. Cutar ba ta bar shi ba, daga baya ya koma keken guragu, ya rasu a 2010. Motsa jiki ba ya warkar da MS, kuma duk wanda ya ce maka yana warkarwa ƙarya yake yi. Abin da yake yi shi ne kare ƙarfin da ya rage, ya hana zama ya ƙara naƙasa a kan naƙasa.

Kimiyya ta biyo bayan Heuga. A 1996 Jack Petajan da abokan aikinsa a Jami'ar Yuta suka sa masu cutar tuƙa keken atisaye na minti 40, sau uku a mako, har mako 15. Ƙarfinsu ya ƙaru, gajiya da damuwa suka ragu. Binciken da ya biyo baya bai nuna motsa jiki yana ƙara tashin cutar ba. Ƙa'idar Kanada ta 2013 ta ce minti 30 na motsin da ke ɗaga numfashi sau biyu a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu.

Sauran aikin duk dabarar kauce wa zafi ce, kuma mu da ke zaune inda watan Afrilu kan haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Yamai, mun fi kowa buƙatar ta. Lokacinka shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Tun kafin ka fara, zuba ruwan randa a babban baho, ka tsoma ƙafafu har ƙwauri na kamar minti 20, ka sha ruwa mai sanyi, ka jiƙa tawul ka rataya a wuya. Sa riga mai shara-shara ta auduga. Yi minti biyar, ka zauna a inuwa, ka sake biyar. Wasu kan ƙi shan ruwa don cutar na sa su yawan fitsari, wannan kuwa gyaran gangar auzinawa ne, domin ƙishirwa na ƙara zafin jiki da gajiya. Da hunturu ya shigo, ka ci moriyarsa, ka ƙara tsawon tafiya. Wanda ya sami tafkin wanka mai sanyi ya dace, don ruwa yana ɗauke nauyi yana kuma ɗauke zafi, amma kada ɗuminsa ya wuce digiri 29.

Wane iri za a zaɓa? Wanda jikinka ya yarda da shi. Mai tangaɗi ya fi samun natsuwa a keken atisaye na tsaye. Wanda yatsun ƙafarsa ke jan ƙasa ya ajiye silifas ya sa takalmi mai ɗauri. Tashi da zama daga kujera sau goma, hannu a jikin bango, atisayen cinya ne cikakke. Wanda ke kan keken guragu ya ɗaga gorar ruwa da hannu. Likitan gashin ƙashi zai tsara maka sauran.

Iyaka guda ce. Idan sabuwar alama ta zo, ko tsohuwa ta tsananta ta wuce awa 24 alhali jiki ya huce kuma babu zazzaɓi, wannan ba aikin zafi ba ne, a tafi asibiti. Ku kuma 'yan uwa masu jinya, ku daina ƙwace tsintsiya daga hannun mara lafiya da sunan tausayi. Ku kawo masa ruwan sanyi, ku raka shi ya taka.