Shin Ko Kun San? Kyamarar Da Ake Sunkuya Mata

Shin ko kun san fim ɗin da ake kira 120 ya haura shekara ɗari da ashirin ana amfani da shi? Kamfanin Kodak ne ya fito da shi a 1901 domin kyamarar Brownie mai lamba 2, kuma har gobe ana sayar da shi. Faɗinsa kusan santimita 6, an naɗe shi da takarda don kada haske ya ɓata shi. A kyamara mai hoto murabba'i, hoto 12 kacal naɗi ɗaya yake bayarwa. Shi ya sa mai irin wannan kyamara ba ya danna maɓalli da garaje.

Ko kun san Rolleiflex, ɗaya daga cikin irin waɗannan kyamarori masu hoto murabba'i, wadda ta fito daga birnin Braunschweig na Jamus a 1929, gilashi biyu gare ta, ɗaya bisa ɗaya? Na sama na leƙe ne, na ƙasa shi ke ɗaukar hoton. Ba a kai ta ido. A saitin ciki ake riƙe ta, a sunkuya a duba ta sama, kuma abin da ke dama a hagu yake bayyana. Sabon shiga sai ya ga mutum ya yi gabas, shi kuwa ya juya kyamara yamma. Amma wannan sunkuyon yana da rana: wanda ake ɗauka ba ya jin an tsura masa ido, sai ya saki jiki. Da ita mai ɗaukar hoto Vivian Maier ta ɗauki dubban hotuna a titunan Shikago da Niyok.

Hasselblad 500C ta ƙasar Suwidin kuwa, wadda ta fito a 1957, a cikin gilashinta aka dasa marfin da ke buɗewa haske ya shiga. Saboda haka kowane gilashi da nasa injin, kuma tilas a ɗana shi, a ɗana jikin kyamarar, kafin a haɗa su. Wanda ya manta, kyamara ta cije, sai mai gyara. Gilashin da aka fi sanin ta da shi Planar ne mai milimita 80 na kamfanin Carl Zeiss, wanda ke gani kusan yadda mai milimita 50 yake gani a ƙaramin fim mai faɗin milimita 35. Hotonta ya ninka na ƙaramin fim girma fiye da sau uku, don haka ko an faɗaɗa shi ƙwarai ba ya dishewa.

Af, akwai Hasselblad 12 yashe a duniyar wata. 'Yan sama jannatin shirin Apollo sun cire akwatunan fim kawai suka dawo da su, suka bar kyamarorin da gilasansu a can domin rage nauyi.