KAFIN KA CE "A ZUBA MINI": ABIN DUBAWA A ABINCIN SAYARWA

 

Yau maganarmu a kan abincin waje ce: na ƙaramin gidan abinci mai sauƙin kuɗi, na mai ƙosai a bakin layi, na mai shayi, na mai tsire da na 'yan talla. Ba za mu ce ka daina ci ba, don ko mun faɗa ba mai yiwuwa ba ne. Wanda ya bar gida bayan asuba ya nufi Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari, ba zai koma ba sai bayan magariba, a ina zai ci na rana? Haka direba a tasha, haka ɗan adaidaita, haka ɗalibi da lebura. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota kaɗai ya ishi mutum ya haƙura da komawa gida tsakar rana. A wasu gidajen ma sayo wa yara ɗanwake ko garau-garau ya fi hura gawayi arha. Masu sayarwar kuma halaliyarsu suke nema, wata da kuɗin ƙosan nan take riƙe da marayu. Abin da muke so shi ne ka iya zaɓe.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara kimanin mutum miliyan 600 ke kwanciya ciwo saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki suna rasuwa, kuma 125,000 cikin masu rasuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mu a nan sai mu ce "ɓacin ciki ne kawai," mu wuce. Babba zai iya wucewa. Yaro ƙarami da tsoho da mai juna biyu, wani lokacin ba sa wucewa.

Abu na farko da za ka duba shi ne zafi. Kyan kujera da fanka da talabijin a bango duk bayansa suke. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin zafi, wato abinci mai ɗumi-ɗumi, bai yi sanyin firji ba kuma ba ya turiri. A irin wannan yanayi wasunsu kan ninka kansu duk bayan minti 20. Yi lissafi da kanka: ƙwaya ɗaya tak, cikin awa 7 ta haura miliyan 2. Shi ya sa masana suka ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. To ka tuna zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, sannan ka tuna shinkafar da aka sauke ƙarfe 10 na safe, ana ta buɗe kula ana rufewa har la'asar.

Saboda haka ƙosan da aka tsamo daga mai a gabanka, da wainar da aka ɗaga daga tanda yanzu, da awarar da ke ƙona yatsa, sun fi aminci a kan shinkafar da ta huce a wurin da ya fi tsada. Wuta ta riga ta yi maka aiki. Ɗanwake ma idan daga tukunya ake kwaso maka shi, madalla. Tuwo da miya, ka ga turiri da idonka.

Shinkafa tana da wani hali da ya kamata uwargida ma ta sani. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, wadda dahuwa ba ta kashe irinta gaba ɗaya. Idan shinkafar ta huce ta daɗe a ajiye, sai ta farka ta zuba guba a ciki, kuma wannan gubar ɗumame ba ya karya ta. Za ka ci shinkafa da zafinta, ba wari ba tsami, bayan awa 1 zuwa 5 amai ya turnuƙe ka. Don haka shinkafar jiya da aka soya yau aka ƙawata da karas, ka yi hattara da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce ka san lokacin da mai abincinka ke saukewa, ka je a lokacin. Wurin da ake layi, abinci ke ƙarewa da wuri, ya fi wurin da ba kowa sai ƙuda. Idan ka iso ƙarfe 4 ka tarar da ƙasan kula, gara ka nemi gurasa ko burodi da shayi mai zafi.

Sai abin da ake barbaɗawa a kai, nan ne da yawa ake yin asara. An zuba maka shinkafa da wake da zafinsu, sai a kawo yankakken kabeji da latas da tumatir da albasa a ɗora. Waɗannan ba su ga wuta ba. Da wane ruwa aka wanke su? Ganyen da ake nomawa a lambunan gefen birni, wasu da ruwan kwata ake ba su ruwa, kuma ɗauraya ɗaya a roba ba ta isa ba. Idan ba ka yarda da wurin ba, ka ce a bar maka salak ɗin. Haka yankakkiyar kankana da abarba da gwanda da ke cikin leda tun safe. Ayaba ko lemo da za ka ɓare da hannunka sun fi.

Ka tsaya minti biyu kafin ka yi oda, ka kalli hannun mai zubawa. Hannun da ya karɓi kuɗi, ya ba da canji, ya share gumi, shi ne kuma zai damƙo nama ya sa maka? Ko da cokali take ɗiba? Akwai ciwo a yatsa? Abincin a rufe yake ko a buɗe? Musulunci ya riga ya koya mana rufe ƙwarya da tukunya, kuma ƙudan da ya tashi daga kwata ya sauka a kan miya ya isa bayani. Sannan ka leƙa inda ake wanke kwanuka. Idan bokiti ɗaya ne tun safe, ruwan ya koma kalar miya, to kwanonka tsoma shi kawai aka yi. Babu kunya ka riƙa zuwa da kwanonka da cokalinka, musamman kai mai shago da ke zaune wuri ɗaya. Ruwan wanke hannu kuma, wannan robar da kowa ke tsoma hannu a ciki ba wanki ba ne, musayar datti ne. A zuba maka da buta, da sabulu in akwai. Ɗan guntun sabulu a aljihun mota ko a shago ba zai ci maka komai ba.

Idan ka ga abin da bai kwanta maka ba, ba sai ka tozarta baiwar Allah a gaban masu saye ba. Ba a san Manzon Allah (SAW) da kushe abinci ba. Ka bari cikin mutunci, ko ka ja ta gefe ka ce, "Hajiya, da za a riƙa sauya ruwan nan da an ji daɗi." Mai son kasuwarta za ta ji.

Yanzu ruwa da abin sha, wanda a ganinmu ya fi abincin kansa haɗari. Zoɓo, kunun aya, lamurje, kunun zaƙi: ko an tafasa wani sashe, da ruwan sanyi ake tsinkawa, a ɗura a robobin da aka tsinto. Ƙanƙara kuwa ba ta kashe ƙwayar cuta, ajiye ta kawai take yi har ta narke a cikinka. Kunun aya ma ga saurin lalacewa, da ya ɗan yi tsami ko robar ta kumbura, a zubar. Ta wannan hanya ta ruwa da hannu ake ɗaukar kwalara da taifod da wasu nau'o'in ciwon hanta masu sa shawara, wanda ɗaya daga cikinsu ke da matuƙar haɗari ga mai juna biyu. A shekarar 2021 Najeriya ta ga annobar kwalara mai tsanani: sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Allah Ya jiƙansu. Da damina, ko da zarar ka ji ana amai da gudawa a unguwa, ka dakatar da abin sha na talla a gidanka gaba ɗaya har abin ya lafa. Shayin mai shayi da ke tafasa a gabanka ba shi da wannan matsalar, sai dai ka kula da kofin.

Fura da nono abinci ne mai albarka, amma ka tambaya ko an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ciwon gaɓoɓi. Sannan da wane ruwa ake damawa?

Mai tsire da balangu, ka sa ya mayar maka kan wuta ya gasu har ciki, ba ɗan shafa zafi ba. Naman sa da bai gasu ba na iya sa tsutsar ciki mai faɗi. Ka lura ko wuƙa da katakon da ya yanka ɗanyen nama su ne yake yanka gasasshe da su. Ƙuli-ƙulin yaji idan yana warin ruma ko ɗaci, ka bar shi, don gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai lahani ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Tsohuwar jarida da takardar buhun siminti ba wurin naɗe abinci ba ne. Haka zuba tuwo ko koko mai tafasa a baƙar leda, in da hali a kawo kwano. Jihar Legas ma ta haramta farin mazubin kumfa na ɗaukar abinci tun farkon 2024.

Man suya kuma ka kalli launinsa. Wanda ya yi baƙi, ya yi kauri, yana kumfa yana hayaƙi, an daɗe ana juya shi, kuma ba alheri ba ne ga jijiyoyin jini.

Wannan ya kawo mu ga cutar da ba ta nuna kanta a rana ɗaya. Abincin sayarwa ana cika masa gishiri da dunƙule da mai don ya ja baki. Abin da ake so babba ya ci na gishiri a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi da yaji. Indomie biyu da duk sinadarinsu, da ƙwai, da shayi mai madara da sukari cokali huɗu, kullum ƙarfe 11 na dare, sannan a kwanta: mai hawan jini da mai ciwon sukari ya san abin da yake yi wa kansa. Ka ce wa mai shayi ya sa rabin sinadarin, sukari kuma kai za ka faɗi adadi. Koyarwar raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, a teburin mai shayi aka fi mantawa da ita. Af, maigida, tsiren da kake tsayawa ci kai kaɗai a hanya alhali an kwana uku miyar gida ba ta ga nama ba, wannan kuma ba sai likita ya yi magana ba. A ƙunso a kai gida.

Kuɗin tara da kake ba yaro, ka san me yake saye da su a ƙofar makaranta? Wata rana ka je ka gani da idonka. Ka haɗa shi da gorar ruwa daga gida, ka nuna masa wajen wa zai saya.

To idan an riga an ci, ciki ya ɓaci fa? Abin da ke kisa a amai da gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, don haka mayar da ruwa ake fara yi tun kafin a nemi wani magani. A samu ƙunshin ORS a kemis a haɗa yadda aka rubuta a jiki. Idan babu, a tafasa ruwa lita 1 a bari ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarfi. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da ana amai, abin da ya kwana ya wuni kuma a zubar a haɗa sabo. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata 6 kuma miligiram 10, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Zuma da habbatus sauda suna da matsayinsu, amma ba sa maye gurbin wannan ruwan, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma. A guji afka wa Flagyl da kafso ba tare da an duba mutum ba.

A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan gudawar ta zama tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ko akwai jini a ciki, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko yaro ya kasa sha ya yi laushi. Kwalara na iya kashe babba mai ƙarfi cikin 'yan awoyi, ba a jira gari ya waye. Taifod kuwa ba ta bayyana a ranar da aka ci abincin, takan ɗauki mako 1 zuwa 3, da zazzaɓi mai hauhawa da ciwon kai da ciwon ciki. Gwajin Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da ita, don haka kafin ka fara shan maganin taifod karo na uku a shekara, ka nemi likita ya sa a yi maka gwajin da ake shuka jini a ga ƙwayar cutar.